Kansar mama: masu gadin da ke yin shiru cikin jiki, da watannin da ake ɓatawa kafin a ga likita

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, sai a ga ƙyalle mai ruwan hoda a ƙirjin ma'aikatan lafiya, a yi tattaki a Yamai da manyan biranen jahohi, gidajen rediyo su gayyato likitoci, a ware ƴan kwanaki ana duba mata kyauta. Aiki ne mai amfani, domin ya fito da zancen kansar mama daga ƙuryar ɗaka zuwa fada da wajen biki. Sai dai akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba: ta yaya ƙullutun da bai wuce ƙwayar gujiya ba, wanda galibi ko ciwo ba ya yi, yake ƙarewa da kwantar da mace da ciwon baya, ko tari, ko shawara, har ta rasa ranta?

Ƙullutun da ke zaune cikin mama ba kasafai yake kisa ba. Abin da ke kisa shi ne yaɗuwar cutar zuwa ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kimanin miliyon 2.3 aka gano suna da kansar mama a duniya, kuma kimanin 670,000 suka mutu. A ƙasashen da suka fi ci gaba, mace 1 cikin 12 ce ke kamuwa da cutar a tsawon rayuwarta, amma 1 cikin 71 ce ke mutuwa da ita. A ƙasashe matalauta irin namu, 1 cikin 27 ce ake ganowa, amma 1 cikin 48 ke mutuwa. Wato cutar ta fi yawa a can, kisanta ya fi yawa a nan. A Nijar ita ce kansar da ta fi kowace kama mata.

Shekaru hamsin na bincike sun nuna cewa yaɗuwar nan tana da alaƙa da wasu masu gadi da ke cikin kowace ƙwayar jikinmu, waɗanda ke lalacewa ko su yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Sanin yadda hakan ke faruwa ba aikin ƴan jami'a ba ne kawai. Yana warware wani tsoro da ke hana mata da yawa yarda a yi masu aiki, kuma yana nuna wa hukumomi inda ya kamata kuɗin lafiya su fara shiga.

Wuta da birki

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana ɗauke da kundin umarni da ake kira ADN, wanda ya ƙunshi ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Kowane umarni kofi biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wasu daga cikin umarnin suna cewa ƙwaya ta rabu biyu ta hayayyafa, kamar yadda ake bukata in yaro na girma ko rauni na warkewa. Wasu kuma suna cewa ta dakata, ta gyara kuskure, in kuma ɓarnar ta yi yawa ta kashe kanta. Waɗannan na biyu su ne masana ke kira ƙwayoyin gado masu danne ƙari. Mu kira su masu gadi.

Wanda ya san babur ɗin kabu-kabu zai gane lamarin da sauƙi. Babur yana da wurin ba da wuta, yana kuma da birki biyu, na hannu da na ƙafa. In birki ɗaya ya tsinke ana iya tsayawa da ɗayan. Sai dukansu sun mutu ne ake shiga uku. Wani likitan Amurka mai suna Alfred Knudson ne ya fara bayyana wannan a 1971, bayan ya yi nazarin yara 48 masu wata kansar ido. Ya lura cewa yaran da suka gaji cutar suna kamuwa da wuri, sau da yawa a ido biyu, saura kuwa a makare kuma a ido ɗaya. Bayaninsa shi ne sai kofi biyu sun lalace kansa ke tashi, kuma wanda ya gaji cutar an haife shi ne da birki ɗaya a tsinke. A 1986 aka gano ƙwayar gadon da yake nufi, aka sa mata suna RB1.

Mai gadin da ya fi suna shi ne TP53. An gano sinadarin da yake samarwa a 1979, kuma shekaru goma aka yi ana zaton yana cikin masu haddasa kansa, kafin a tabbatar a 1989 cewa aikinsa hana ta ne. In ADN ɗin ƙwaya ya samu matsala, shi ne ke tsayar da ita har a gyara, ko ya ba ta umarnin mutuwa. A kusan rabin kansar ƴan Adam ana tarar da shi a lalace. A kansar mama kuwa kimanin kashi 30 cikin 100 ne, amma a wani nau'i mai saurin tafiya, wanda za mu dawo kansa, adadin yana kai kusan kashi 80.

Gado daga uwa, gado daga uba

A 1990 wata masaniya ƴar Amurka, Mary-Claire King, ta nuna cewa a wasu zuriyoyi kansar mama tana bin wata ƙwayar gado guda. An tantance ta a 1994 da sunan BRCA1, sannan a 1995 aka gano ƴar uwarta BRCA2 a Ingila. Aikin su biyun ɗinke ADN ne idan ya tsinke. Macen da ta gaji kofi ɗaya lalatacce tana da haɗarin kamuwa da kansar mama da ya kai kimanin kashi 70 cikin 100 kafin ta kai shekara 80, ga kuma haɗarin kansar ƙwan mahaifa. Duniya ta ji sunan BRCA1 sosai a 2013, lokacin da ƴar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta bayyana cewa tana ɗauke da ita, kuma ta sa an cire mata mama biyu tun cutar ba ta zo ba.

Wannan ba labarin Turawa ba ne kaɗai. Farfesa Olufunmilayo Olopade, ƴar asalin Najeriya da ke jami'ar Shikago, ta jagoranci wani bincike tare da likitocin Ibadan, aka wallafa shi a 2018. Cikin mata 1,136 masu kansar mama da aka gwada, kashi 14.7 cikin 100 sun gaji wata ƙwayar gado lalatacciya, kashi 7 BRCA1, kashi 4 BRCA2. Adadin ya ɗara abin da aka saba gani a Turai da Amurka, inda ake cewa kashi 5 zuwa 10 na kansar mama ne na gado. Matan Ibadan ba matan Maraɗi ko Tawa ba ne, don haka ba za a ɗauki adadin a liƙa mana kai tsaye ba. Amma ya isa ya sa likitocinmu su riƙa tambayar tarihin dangi da gaske.

A nan akwai bambancin da ya kamata a kiyaye, domin jama'a sun saba da zancen sikila. Yaro ba ya kamuwa da sikila sai ya gaji cutar daga uwa da uba duka, shi ya sa ake gwaji kafin aure. BRCA ba haka take ba. Kofi ɗaya daga ɓangare ɗaya ya isa ya ɗaga haɗari, kuma kowane ɗa ko ƴa yana da rabin yiwuwar gadonta. Uba na iya miƙa ta ga ƴarsa ba tare da shi ya taɓa ciwo ba. Saboda haka tarihin gwaggo da kaka ta wajen uba yana da nauyi daidai da na inna da kaka ta wajen uwa. Maza ma suna kamuwa da kansar mama, ko da yake ba su wuce kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. Kada kuma a manta cewa mafi yawan matan da ke kamuwa ba su gaji komai ba. Masu gadin nasu sun lalace ne a hankali, cikin ƙwayoyin maman kawai, yayin da shekaru ke tafiya. Ba cutar da ake ɗauka ba ce, kuma ba laifin kowa ba ne.

Mai gadin da aka sa barci

Binciken baya-bayan nan ya ƙara wani abu a kan bayanin Knudson. Ba dole sai ƙwayar gado ta lalace ba ne take daina aiki. Umarni na iya kasancewa a rubuce daidai, ba ko kuskuren harafi ɗaya, amma ƙwayar jiki ta daina karanta shi. Wasu ƙananan sinadarai ne ke manne wa farkon umarnin su rufe shi, kamar takardar da aka sa cikin akwati aka datse da kwaɗo. Wannan shi ne abin da masana ke nufi idan suna maganar ko ƙwayar gado tana bayyana ko ba ta bayyana. A kimanin ɗaya cikin goma na kansar mama da ba ta gado ba, ana tarar da BRCA1 lafiya lau amma an rufe mata baki ta wannan hanya.

Irin wannan shirun yana da hannu sosai a yaɗuwa. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin hanyoyin nono suna manne da juna ta wani danƙo da ƙwayar gado mai suna CDH1 ke samarwa, kamar yadda laka ke riƙe tubala a jikin katanga. In danƙon ya ragu, ƙwaya na iya ɓalle wa daga ƴan uwanta ta kutsa naman da ke kewaye. Akwai nau'in kansar mama, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100, da rashin wannan danƙo ne alamarsa. Ƙwayoyinsa ba sa taruwa su yi dunƙule, sai su jeru ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa hannu ba ya jin ƙullutu sosai, sai dai wani kauri ko taurin da mace za ta ce maman ya canza mata.

Akwai kuma rukunin masu gadi da aikinsu ya keɓanta ga hana yaɗuwa. Patricia Steeg ta cibiyar binciken kansa ta Amurka ce ta gano na farko a 1988, mai suna NM23, bayan ta kwatanta ƙwayoyin kansa masu saurin yaɗuwa da marasa sauri a jikin ɓeraye. Daga baya Danny Welch da abokan aikinsa suka gano KISS1 a 1996 da BRMS1 a 2000. Abin mamaki game da su shi ne, in aka mayar da su bakin aiki a ɗakin gwaji, ƙarin farko yana ci gaba da girma, amma yawan sabbin wuraren da cutar ke kafawa a huhu ko wasu sassa yana raguwa ƙwarai. Kuma ba a cika samun su a lalace ba, galibi muryarsu ce ke raguwa. Wannan ya nuna cewa girma dabam, yaɗuwa dabam. Ƙari na iya zama ƙarami amma ya riga ya aika ƴaƴa, wani kuma ya yi girma bai tafi ko'ina ba. Sai dai a dunƙule, gwargwadon daɗewarsa da girmansa, gwargwadon yawan masu gadin da suka yi shiru, gwargwadon damar da yake da ita ta fita.

Iri da ƙasa

Tafiyar ƙwayar kansa ba mai sauƙi ba ce. Sai ta rabu da ƴan uwanta, ta huda bangon hanyar jini ko hanyar ruwan jiki da ke bi ta hammata, ta tsira daga sojojin jiki, ta fita a wani wuri, sannan ta samu abincin da za ta rayu. Mafi yawansu suna mutuwa a hanya. Zangon farko galibi kaluluwar hammata ce, shi ya sa likita ke laluba wurin duk lokacin da yake duba mama.

Tun a 1889 wani likitan tiyata na Landan, Stephen Paget, ya bi bayanan gawarwakin mata 735 da kansar mama ta kashe, ya ga cewa cutar ba ta sauka ko'ina da ka, tana da wuraren da ta fi so. Ya kwatanta lamarin da iri da ƙasa, kwatancin da duk manomi zai gane: iska na watsa iri ko'ina, amma ba ya tsira sai inda ƙasa ta karɓe shi. Kamar yadda irin ciyawa ke kwana cikin jigawa duk rani yana jiran ruwan farko, haka wasu ƙwayoyin kansa ke iya kwanciya cikin ɓargo shekaru, ba a ganinsu a kowane hoto, kafin su farka. A nau'in da ke rayuwa da sinadarin mata, an ga cutar ta dawo ko bayan shekara 15 ko 20.

Wannan ne ya kawo mu ga maganar da ake yawan ji a garuruwanmu, cewa kansa ba ta son ƙarfe, da zarar wuƙa ko allura ta taɓa ta sai ta watsu. Masu faɗin haka suna da abin da suka gani: wata an yi mata aiki, bayan wata shida ta rasu. Abin da ba su gani ba shi ne ta zo asibiti ne bayan shekara ɗaya ko biyu da fara jin ƙullutun, lokacin da irin ya riga ya bar gida ya sauka a hanta ko ƙashi. Wuƙar ta tarar da ɓarnar ne a gabanta. Macen da aka yi wa aiki da wuri ta warke kuwa, sau da yawa ba ta gaya wa kowa, saboda kunya ko gudun bakin kishiya da dangin miji. Sai ya zama labarin waɗanda suka mutu ne kawai ke yawo, tsoro ya ƙaru, ta gaba ta ƙara jinkiri.

Alƙaluma sun nuna tsadar wannan jinkiri. A Amurka, cikin matan da aka gano cutar tana cikin mama kaɗai, kimanin kashi 99 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Cikin waɗanda ta riga ta kai sassa masu nisa, kimanin kashi 30 ne. A Afirka kudu da Sahara, wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2016 ya nuna cewa kusan uku cikin huɗu na mata baƙar fata suna zuwa ne a mataki na uku ko na huɗu. Wani binciken da ya bi mata a ƙasashe biyar na nahiyar, aka wallafa a 2020, ya tarar cewa rabinsu ne kawai ke raye bayan shekara uku. A asibitocin Najeriya da binciken ya shafa kashi 36 ne, alhali fararen matan Namibiya sun kai kashi 90.

Abin da magani ya iya da abin da bai iya ba

Har yau babu maganin da ake ba majinyaciyar kansar mama ya mayar mata da TP53 ko BRCA1 da suka lalace. Toshe abin da ke aiki fiye da kima ya fi sauƙi a kan dawo da abin da ya ɓace. Akwai magungunan da ke cire kwaɗon da ya rufe ƙwayoyin gado, irin su azacitidine, ana kuma amfani da su a wasu cututtukan jini, amma ba su zama maganin kansar mama ba. Duk wanda ya zo da kwalba ko ƙullin gari, a kasuwa ko a Facebook da WhatsApp, yana cewa yana gyara ƙwayoyin gado ko yana narkar da kansa ba tare da aiki ba, abin da zai ci shi ne kuɗin mace da watannin da take da su.

Dabarar da ta yi nasara ita ce amfani da raunin cutar. Ƙwayar da ta rasa BRCA tana dogara ne da wata hanyar gyara ta biyu. Maganin olaparib yana toshe wannan hanya, sai ƙwayar kansar ta mutu, lafiyayyun ƙwayoyi kuma su tsira. Amurka ta amince da shi don kansar mama a 2018. Amma yana da tsada sosai, kuma sai an yi gwajin gado kafin a san wadda zai yi wa amfani.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne sanin nau'in cutar. Kansar mama ba iri ɗaya ba ce. Wata tana rayuwa da sinadarin mata, kuma tsohon magani mai araha, tamoxifen, in aka sha shekara biyar yana rage mace-macen wannan nau'i da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wata tana da alamar da ake kira HER2, tana jin maganin trastuzumab, wanda OMS ta amince da samfurinsa mai rahusa a ƙarshen 2019. Ta uku ba ta da ko ɗaya daga cikin alamomin, ita ce mai saurin tafiya da muka ambata, wadda TP53 ke yawan lalacewa a cikinta. Bincike ya nuna ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma in aka kwatanta da Turawa, kuma maganinta shimiyo ne da aiki da gashi. Ba a rarrabe waɗannan nau'o'i da ido ko da eko. Sai an ɗebo ɗan yanki da allura an kai labo, an duba shi a madubin likita, an yi masa gwajin alamomi. In babu wannan, likita na harbi ne cikin duhu.

Inda Nijar ta tsaya

Ba za a ce ba a yi komai ba. Ƙasar tana da rajistar masu kansa tun 1992. Tun 2007 doka ta sa kula da kansar mata cikin ayyukan da gwamnati ta ɗauke wa jama'a biyansu, tare da tiyatar haihuwa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da aka riga aka yi wa haka. A 2021 cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, ta fara gashin kansa a Yamai da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA, bayan shekaru da dama ana tura marasa lafiya waje, a ƙasar da ke haƙo uraniyom a Arlit tun 1971. Nijar tana kuma cikin ƙasashen farko da shirin AIEA na faɗaɗa gashin kansa ya ɗauka a 2022.

Amma kyauta a takarda ba ta ɗauke wa mace kuɗin mota ba. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi fiye da 600, daga Tawa fiye da 500. Sai an nemi mai rakiya, da masauki, da abinci na makonni, da wanda zai riƙe yara, da izinin maigida. An daɗe kuma ana kokawa da jinkirin da baitulmali ke yi wajen mayar wa asibitoci kuɗin ayyukan kyauta, abin da ke sa magani ya yanke, a miƙa wa dangi takarda su nufi farmasi. Mafi yawan ƙwararrun da ke karanta yankin nama a labo suna babban birni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana cin makonni, kuma cikin makonnin nan ƙwayoyin cutar ba hutu suke ba.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman. Matanmu suna haihuwa da yawa kuma suna daɗewa suna shayarwa, abin da a kansa kariya ce, domin bincike ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100. Amma tunda mace na iya shafe shekaru ashirin tsakanin ciki da goyo, duk ƙullutun da ya fito sai a ce nono ne ya kwanta. A gida a yi gashi da ruwan zafi da shafe-shafe, a CSI a ba da maganin ƙwayoyin cuta sau biyu sau uku. Kasancewar al'ummarmu matasa ne, da yawa daga masu cutar ba su kai shekara 50 ba, shekarun da ba a zaton kansa.

A 2021 OMS ta ƙaddamar da shiri kan kansar mama mai ma'auni uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma aƙalla kashi 80 su kammala magani ba tare da yankewa ba. Ma'aunin tsakiya shi ne wanda ya fi dacewa a tambayi ma'aikatar lafiya a kansa. Mace nawa ce daga Tasawa, Mirya ko Ƙonni ke samun sakamakon labo cikin kwana 60? Wayar da kai ba tare da wannan ba tana tara mata ne a bakin ƙofar da ba ta buɗe ba.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Tun da ba mu da ikon tada masu gadin da suka yi shiru, abin da ya rage a hannunmu shi ne lokaci. Ga hukumomi, wannan na nufin a iya ɗibar yankin nama da allura a asibitocin jahohi da cibiyoyin uwa da yaro, a tsara jigilarsa zuwa labo da dawo da sakamako ta waya cikin ƙayyadaddun kwanaki, maimakon a ɗora mace a mota. Yana nufin kayan gwajin alamomi kada su yanke, tamoxifen ya samu a kowace jaha, a kuma horar da ungozoma da ma'aikatan CSI kan ƙa'ida guda: kumburin mama da bai wuce ba bayan zagaye ɗaya na magani, a tura shi gaba. Waɗannan ba su kai tsadar na'urar gashi ba, kuma su ne ke sa na'urar ta yi amfani. Ya kamata kuma a riƙa wallafa alƙaluman matakin da mata ke zuwa da shi, jaha-jaha, domin a san ko tattakin Oktoba yana canza wani abu.

Ga iyalai kuwa, alamomin da ba a jira da su sanannu ne: ƙullutu a mama ko hammata ko da ba ya ciwo, fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemu, kan mama ya shige ciki, jini ko wani ruwa na fita, gyambon da ya ƙi warkewa. Mafi yawan ƙullutun mama ba kansa ba ne, amma gwaji ne kaɗai ke faɗin haka. Zuriyar da aka samu mutum biyu ko uku da kansar mama ko ta ƙwan mahaifa, ko wadda ta kamu tun ba ta kai shekara 40 ba, ko namiji mai kansar mama, ya kamata matanta su gaya wa likita, su fara duba kansu da wuri. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, kuma malaman da ke faɗin haka a huɗuba suna taimakon likitoci fiye da yadda suke zato.

Maigida yana da babban rabo a nan, domin a gidaje da yawa shi ke ba da izini, shi ke ba da kuɗin mota. Mace na iya ɓoye ƙullutu wata shida don tsoron kada a cire mata mama a yi mata kishiya ko a sake ta. Mijin da ya gaya wa matarsa tun yau cewa ranta ya fi masa komai, ya kuma raka ta asibiti a makon da ta ji wani abu, ya rage mata watannin da cutar ke bukata don ta kai ƙashi ko hanta.